Dalilin da Ya Sa Ba Zan Sa Hannu a Takardar Chinedu Ba

Zuwa ga Shugaban Kamfaninmu, Yallaɓai Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina yi maka sannu da ɗawainiyar shugabancinmu. Allah ya ƙara maka lafiya da juriya.

Ni ce Bilkisu, mai tsara ayyukan tawagar da ke gina manhajar tattara madara. Na san ka san ni. Na faɗi sunana da aikina ne saboda ba kai kaɗai za ka karanta wannan wasiƙa ba, na sa ta a zauren da dukkan ma'aikata suke gani. Ba don in kunyata ka na yi haka ba. Maganar da ke cikinta na faɗa maka a ofishinka, na rubuta maka ta imel, har a bakin mota na taɓa tare ka da ita kana shirin fita. Kullum amsarka ɗaya ce: "Bilkisu, za mu zauna." Ba mu zauna ba. Yanzu ga shi an kawo mini takarda in sa hannu, takardar da ta ce abokin aikina Chinedu ya yi sakaci, kuma sakacinsa ne ya jawo abin da ya sami matan da ke kawo mana madara. Ba zan sa hannu ba, kuma ya kamata kai da kowa ku san dalili.

Saboda abokan aikinmu na sauran sassa, bari in faɗi abin da manhajar take yi. Matan rugagen da ke kewayen Gwagwalada suna tatsar shanu da asuba, su ɗauko madarar a jarkoki zuwa wuraren da aka keɓe a bakin hanya, motar sanyi ta zo ta kwasa ta kai masana'anta. Manhajarmu ce take haɗa su da motar. Ita ke kiran wayar shugabar matan kowace ruga da muryar da aka naɗa da Fulatanci, ta gaya mata mota ta taso, ko kuma yau ba za ta zo ba. Ɗanyar madara ba ta jiran kowa. Idan rana ta ɗaga a kanta, ta tashi daga aiki. Saboda haka wannan kira shi ne zuciyar aikinmu, sauran duk ado ne.

Lokacin da ka ɗauke ni aiki, kai da bakinka ka ce mini tawagar ta zama kasuwa, kowa yana ta kai da kawo amma ba a san wa ke yin me ba. Sai muka kafa allon aiki a kwamfuta, wanda kowa ke gani daga inda yake. Kowane aiki yana da katinsa, katin yana ɗauke da bayanin abin da ake so da sunan wanda ya ɗauka. Allon yana da gida huɗu: abin da ke jira, abin da ake kai, abin da ake gwadawa, da abin da aka gama. Duk bayan mako biyu mu zauna mu zaɓi katunan da ƙarfinmu zai kai, mu ajiye sauran. Kowace safiya kuma mu taru a tsaye na ɗan lokaci, kowa ya faɗi inda ya kwana da abin da ya tare masa gaba. A watannin farko abin ya yi daɗi. Mutane suka fara tashi daga aiki da hankali kwance, domin kowa ya san abin da ke kansa gobe. Kai ma ka yaba, ban manta ba.

Ga yadda abin ya lalace.

Na farko, aiki ya daina shigowa ta ƙofa ɗaya. Yallaɓai, kana ba da aiki a kan matakala. Kana ba da aiki a hanyar dawowa daga sallar azahar, ka dafa kafaɗar mutum ka ce ya ɗan duba maka wani abu. Kana aiko da saƙon murya ranar Asabar, mutum yana gidan suna ko yana layin mai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake hawa allo. Wanda kuwa Oga ya kira da kansa ba ya iya cewa a'a, sai ya ajiye katin da ke hannunsa ya kama naka. Ni kuma in zo da safe in ga kati bai motsa ba, in tambaya, a sunkuyar da kai a ce mini, "Oga ne ya ba ni wani abu." Ban taɓa cewa ka daina ba da umarni ba, kamfaninka ne. Abin da na roƙa shi ne umarnin ya bi ta allo, domin mu san abin da aka ɗauka da abin da aka ajiye dominsa. Sai ka ce mini ɗan ƙaramin abu ne, ba sai an buɗe masa kati ba. A sana'ar nan, ka fi ni sani, ɗan ƙaramin abu shi ke cinye rabin mako.

Na biyu, taron safe. Ka matsar da shi zuwa sassafe, ka ce ta haka za a san masu himma. Ni a Nyanya nake zaune. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Nyanya da safe ya san ba sai na yi bayani ba. Ina idar da sallar asuba nake fita, in bar yarana ga maƙwabciyata ta ƙarasa shirya su ta kai su makaranta, in je tasha a yi kokawar shiga mota, sannan a shiga cunkoson da mota ke tafiya kamar ana jan ta da igiya. Duk da haka ina isowa a kan lokaci, mu yi taron mu gama. Sai kai ka iso daga baya, ka ce a sake. A wannan karon a zaune, a ɗakin taro, kowa ya karanta maka katunansa ɗaya bayan ɗaya har hantsi ya wuce. Abin da muke karanta maka yana cikin wayarka, Yallaɓai. Ina barin yarana ba su gama karin kumallo ba domin in zo in karanta maka abin da ke aljihunka.

Na uku, ƙidayar kati. Bayan ƙaramar salla ka sanar cewa daga yanzu za a auna ƙwazon kowa da yawan katunan da ya kai gidan abin da aka gama. Na ce maka kati ba buhun siminti ba ne, wani aikin minti kaɗan ne, wani na mako guda. Ka ce adadi ba ya ƙarya. To ga abin da adadin ya haifar. Mutane suka fara yanka aiki gunduwa-gunduwa. Gyaran kalma ɗaya a kan maɓalli ya zama kati, canza launinsa ya zama wani katin. Mai gwaji ta fara shan matsin lamba ta wuce da abu ko bai nuna ba, domin kowa yana so katinsa ya ƙarasa kafin Juma'a. Manyan ayyuka masu wuya kuwa suka zauna a gidan jira, kowa yana zagaye su. Ban zargi kowa ba, kowa yana da bakin da yake ciyarwa. Chinedu yana cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da ɗaukar masu wuyar, shi ya sa sunansa ya riƙa fitowa a ƙasa a duk rahoton ƙarshen wata.

Na huɗu, kuma shi ne tushen wannan wasiƙa. A farkon damina muka gano wani aibi a manhajar. Idan kiran farko ya riga ya fita cewa mota ta taso, sannan direba ya soke tafiya a hanya, kira na biyu ba ya fita. Ma'ana, matan za su ji "ku fito", amma ba za su ji "ku koma" ba. Muka buɗe masa jan kati, muka sa shi a saman komai. Chinedu ya ɗauka, ya matsar da shi gidan abin da ake kai. Ya ce zai ɗauki kwanaki, saboda gyaran ya shafi tsohon ɓangaren da aka gina tun kafin zuwanmu.

Yana tsakiyar aikin ka kira shi ofishinka. Masu zuba jari za su zo, kana so a yi musu taswirar da za ta nuna motoci suna tafiya a kan babban allon bango. Ya fito ya zo teburina, da Hausarsa ta zaman Abuja ya ce, "Anti Bilkisu, Oga ya ce in bar komai in yi taswira. Kai za ka yi masa magana ko ni?" Na ce ni zan yi.

Na shiga na same ka. Na ce maka hanyoyin rugagen can na ƙasa ne, ruwa ɗaya ya isa ya yanke su, kuma ranar da hakan ta faru matan za su tsaya a bakin hanya ba su san komai ba. Ka ce damina ba ta kankama ba tukuna, kuma baƙin nan su ne ci gaban kamfani. Na ce to na ji, amma bari in mayar da jan katin gidan jira, in cire sunan Chinedu, in rubuta dalili, domin allo ya faɗi gaskiya. A nan ne ka ce a'a. Ka ce baƙin za su ga allon aikinmu ma, kuma jan kati a gidan jira zai nuna kamar mun yi watsi da shi, gara a bar shi inda yake su ga ana kansa. A ranar na rubuta maka imel cewa ban yarda da wannan ba. Ba ka amsa ba. Katin ya zauna a gidan abin da ake kai, da sunan mutumin da aka hana ya taɓa shi.

Baƙi suka zo, suka ga motoci suna rarrafe a bango, suka tafa. Bayan tafiyarsu na ce Chinedu ya koma kan jan katin. Ka ce ya fara ƙara wa taswirar wasu abubuwan da baƙin suka ambata.

Ranar wata Talata aka wayi gari an tafka ruwa, ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar. Direba ya iso wurin ya ga babu wucewa, ya danna maɓallin soke tafiya kamar yadda muka koya masa, ya juya. Ya yi daidai. Kiran farko ya riga ya fita. Na biyu bai fita ba. Matan suka zauna a bakin hanya da jarkokinsu tun da safe. Hadari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta, suna zaune. Sai bayan azahar wani mai babur ya gaya musu hanya ta yanke.

Washegari na tafi can, ba wanda ya aike ni. Na sami Inna Dije, dattijuwar da ke shugabantar matan wannan wurin. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke ce mai muryar da ke kiranmu?" Na ce a'a, Inna, amma ina cikin masu aikin. Ta ce, "To, muryar ta ce mu fito, muka fito. Ba ta ce mu koma ba." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da can suna dafa madararsu su yi nono, su kai kasuwa a ka, kowace tana da masu saye da suka saba da ita. Mu ne muka zo muka ce su ajiye ƙwarya, mota za ta zo har bakin hanya. Suka ajiye, masu sayen suka koma wurin wasu. Madarar da ta wuni a jarka cikin rana kuwa ta tsinke, ba ta yi nonon kirki ba, mafi yawanta zubarwa aka yi. Ta nuna mini wata matashiya da ta bar jaririnta a ruga da tunanin yanzu za ta dawo, ta kasa tafiya ta bar jarkokin, ta kasa zama da hankalinta. Sannan ta ce, "Ruwa na Allah ne, ba mu ji haushin mota ba. Amma ku kun sani, ba ku faɗa ba."

Ta sa aka kawo mini kindirmo a ƙwarya, domin baƙuwa ce ni. Na karɓa da hannu biyu na sha. Har yau akwai rugagen da mazajen suka hana a sake kawo mana madara.

Na biyar, abin da aka yi wa Chinedu. Da masana'anta ta kawo ƙorafi, ka tara mu a ɗakin taro, ka buɗe allon aiki a bango, ka nuna jan katin. Ka tambaya sunan wa ke kai, ka tambaya tun yaushe yake a gidan abin da ake kai. Chinedu ya dube ni, ya dube ka, ya ce, "Oga, ai kai ka sani." Na ɗaga hannu zan yi magana, ka ce ba yanzu ba. Kafin a tashi aka ba shi takardar dakatarwa. Ya haɗa kayansa a jakar leda ya fita, babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, dukanmu mun je barka, har da kai. Kuma ka san yadda sana'ar nan take a garin nan: mu 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Kalmar sakaci idan ta shiga fayil ɗin mutum, za ta riga shi isa duk ofishin da zai je neman aiki. Da ya ji an kawo mini takardar, ya kira ni ya ce, "Anti, kada ka sa kanka a wahala saboda ni. Kana da yara. Sa hannu kawai." Mutumin da aka zalunta ne yake ba ni haƙuri. Wannan kiran ne ya sa na zauna na rubuta wasiƙar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu aibin yana nan. Wanda ya fahimci ɓangaren yana gida. Sauran kuma suna tsoron ɗaukar katin, domin sun ga abin da ya sami wanda sunansa ke kai. Abin da na iya yi kawai shi ne na roƙi direbobi su riƙa kiran shugabannin matan da wayarsu idan sun juya, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Muna tsakiyar damina. Duk safiyar da na ga hadari ya haɗu ta wajen Gwagwalada ina cikin mota, matan nan nake tunawa.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da nake roƙo.

A janye takardar, a dawo da Chinedu bakin aikinsa, kuma a wanke shi a ɗakin da aka tozarta shi, a gaban mutanen da suka gani. A ba shi damar gama gyaran ba tare da an sake janye shi ba.

Aiki ya riƙa shigowa ta allo kawai, ko daga wa ya fito. Idan kana so a ajiye wani aiki a kama wani, haƙƙinka ne, amma a rubuta cewa kai ka ce, katin da aka ajiye kuma ya koma gidan jira ba da sunan kowa ba. Kada a sake gyara allon domin idon baƙo. Idan ba zai faɗi gaskiya ba, gara a rufe shi, domin yanzu ya zama abin kama marar laifi.

A daina auna mutane da yawan kati. A dube su da abin da suka gyara da nauyin da suka ɗauka.

Taron safe ya koma gajere, a tsaye, a lokacin da mutanen Nyanya da sauran garuruwan gefe za su iya isowa ba tare da sun bar gida cikin duhu ba. Idan ka makara, allon yana nan.

Na ƙarshe, ka zo mu je Gwagwalada tare, ka zauna a tabarmar Inna Dije ka ba su haƙuri da bakinka. Ba takarda suke so ba. Suna so su ga fuskar wanda zai ce mun sani, ba mu faɗa ba, ba za a sake ba.

Ban rubuta wannan cikin fushi ba. Fushin ya zo ya wuce tuni, abin da ya rage gajiya ce. Na gaji da tsayawa tsakanin abin da aka faɗa da baki da abin da aka rubuta. Na gaji da tambayar mutane me ya sa aikinsu bai motsa ba alhali na san amsar. Ina son aikin nan, kuma ban manta cewa kai ka fara tunanin kai mota har bakin ruga ba, lokacin da wasu ke cewa ba zai yiwu ba. Shi ya sa ban tattara kayana na tafi shiru ba, kamar yadda wasu suka yi a bara ba tare da sun gaya maka dalili ba.

Takardar tana kan teburin sakatariyarka, yadda aka kawo mini ita. Na san abin da ƙin sa hannu zai iya jawo mini, na kuma tattauna da maigidana, ya ce in yi abin da zan iya kwana da shi. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan zo aiki kamar kullum, sai dai idan ka ce kada in zo.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci kamfanin nan da duk masu ci daga gare shi, na ofis da na ruga. Allah ya ba ka zuciyar karɓar gyara, ya kuma kewaye ka da mutanen da za su gaya maka gaskiya tun kafin su gaji.

Wassalam.

Taka ma'aikaciya,
Bilkisu
Mai tsara ayyukan tawagar manhaja, Abuja